Ƙwayar Ƙarfe Takwas

Litinin, 3 ga Maris

Takarda ta zo daga kotu. Lauya ya ce ba sammaci ba ne, umarni ne: alƙali yana so a auna mini ƙwaƙwalwa kafin ya yanke wanda zai ci gaba da riƙe Mutuniyar, wato matata. Shekara saba'in da huɗu ina yawo da kan nan ba wanda ya nemi leƙa cikinsa, sai yanzu da gashin ya ƙare.

Manaja ne ya kai maganar. Babban ɗana. Tun yana ɗan shekara biyar muke kiransa haka, don ko wasa ake yi shi ke raba wa yara aiki. Yana so a ba shi riƙon uwarsa, ya ɗauke ta daga gidan nan ya kai ta nasa, can hawa na uku inda taga ba ta buɗuwa. Hujjarsa abin da ya faru a watan jiya, ranar da jininta ya faɗi har aka kwana biyu da ita a asibiti. Likita ya ce da alama an ba ta ƙwayar hawan jini sau biyu a safiya ɗaya. Ni ke ba ta magani tun da ɓarin jikinta ya shanye, shekara uku ke nan. To, ni ake nufi.

Lauya ya ce in riƙa rubuta abin da nake yi kullum, wai yana wasa tunani. Ga shi na fara.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in ajiye yadda waccan ranar ta kasance, don in an tambaye ni. Na ba ta ƙwaya ƙarfe takwas daidai, ɗaya tak, da rabin kofin ruwa. Ina ajiye kofin sai ƙaramar 'yata, Auta, ta bugo waya, muka yi hira a kan ciwon haƙorin ɗanta. Daga nan na fita sayen burodi. Na dawo na tarar kanta ya langaɓe a jikin kujera. Shi ke nan.

Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran agogo shi za a koya wa ƙarfe takwas?

Alhamis, 6 ga Maris

Mutuniyar ba ta san komai ba tukuna. Ko ta sani. Kalmomi uku suka rage mata, "to" da "a'a" da "kai ma", amma da su take mulkin gidan nan. Na ce mata yau kin yi kyau, ta ce, "A'a." Na ce kin tsufa, ta ce, "Kai ma."

Ba ta son ƙwaya, tun da can. Dabarata ita ce in ɗauko labari irin na kakata, in ja shi, in ja shi, sai na kai daidai inda ake son jin abin da ya biyo baya, in yi shiru, in miƙa mata cokali. Sai ta haɗiye sannan in ƙarasa. A gidan Manaja wa zai yi mata haka? Ma'aikaciyar jinya mai duba waya?

Asabar, 8 ga Maris

Hedimasta ya zo. Abokina ne tun muna hayar ɗaki ɗaya, ya yi ritaya amma har yau in ya shigo sai mutum ya ji kamar bai yi aikin gida ba. Wai an taɓa yi wa yayarsa irin gwajin nan, don haka ya zo ya shirya ni.

"Cire bakwai daga ɗari, Mai Agogo. Ka yi ta cirewa sai na ce ka tsaya."

Na kai sittin da biyar ya ce na yi kuskure. Muka ɗauko takarda, ashe shi ne ya yi. Ya ce to ai ba shi za a auna ba.

Sai sunayen dabbobi cikin minti ɗaya. Na kawo goma sha tara. Ya ce kiyashi ba dabba ba ne. Na ce to ɗan'uwanka ne? Mutuniyar ta yi irin dariyarta ta gefen baki ɗaya.

Da zai tafi ya rage murya: "Duk abin da suka tambaye ka, kada ka ce ba ka sani ba. Da ka faɗi haka sun rubuta gigin tsufa. Ka ba da amsa ko ta halin ƙaƙa." Na ce wannan kam ba sai an koya mini ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Abinci ya ƙi shiga. Na goge takalmi sau biyu.

Talata, 11 ga Maris

An yi zaman farko. Auta ta zauna da uwarta, ni na hau bas.

Ɗaki ne ƙarami a ƙarshen baranda, tebur ɗaya, kujera biyu, kwalin tishu a tsakiya kamar an san za a buƙace shi. Agogon bangonsu ya yi latti da minti huɗu. Na gaya wa mai gwajin, ta yi godiya, ta rubuta wani abu. Ban sani ba ko lada ta rubuta mini ko laifi.

Matar da ke gwajin ba ta kai Auta shekaru ba. Ba mai ba da magani ba ce, masaniyar tunani da halayyar mutum ce, in ji ta. Ni dai Mai Fensir na sa mata, don uku ne a gabanta, duk an feƙe su kamar za a yi yaƙi. Kafin mu fara ta ce, "Baba, ku sani ni ba ta ɗanku ba ce, ba kuma taku ba ce. Kotu ce ta aiko ku. Abin da kuka faɗa a nan zai iya shiga rahoto, ba sirri ba ne." Na ce, 'yata, ko ba komai kin fi lauyana gaskiya.

Bakwai-bakwai ta zo, na wuce ta kamar ruwa. Dabbobi ma, har da kiyashi, ba ta ce uffan ba. Ta ba ni wasu 'yan katakai masu launi in jera su yadda ke cikin hoto. Wannan ai ko ido rufe.

Sai ta miƙo farar takarda, wai in zana agogo, in sa hannuwansa a kan sha ɗaya da minti goma. Na kusa tambayarta ko ta san da wa take magana. Na zana shi har da ɗigon mintoci sittin. Sai da na dawo cikin bas gabana ya faɗi: a kan goma da minti goma na sa. Duk agogon da na taɓa ajiyewa a gilashin shago a nan nake tsayar da hannuwansa, don sunan kamfani ya fito. Hannu ne ya yi abin da ya saba. Amma ita ta san haka?

Daga nan ta ce za ta karanta mini gajeren labari, in maimaita yadda na ji. Na gyara zama, na ce an zo gidana. Wai wani tela ya hau bas da riguna, ya manta almakashinsa a kan kujera, direba ya kai masa shago. Iyakarsa ke nan. Ba dalili, ba gishiri, ko sunan unguwa babu. Kakata da ta ji wannan da ta kori mai ba da shi daga tsakar gida. Sai na yi masa abin da ya kamata. Na ce almakashin gadon ubansa ne, shi ya sa hankalinsa ya tashi. Na ce direban ya gane shi ne don cikin riguna bakwai ɗin akwai tasa. Mai Fensir tana ta rubutu, na ce a raina yarinya ta samu abin kai wa gida.

Bayan rabin awa ta ce in sake ba ta labarin telan. Na sake, ya ma fi na farko.

Ta tambayi ranar da Mutuniyar ta faɗi. Na gaya mata tiryan-tiryan: na ba da ƙwaya ƙarfe takwas, maƙwabciya ta ƙwanƙwasa da agogon bangonta da ya tsaya, na duba mata a bakin ƙofa, na dawo ciki na tarar da abin da na tarar.

Laraba, 12 ga Maris

Na ba Hedimasta labarin telan. Ya riƙe kai.

"Maimaitawa aka ce ka yi, ba gyara ba. Kowace kalma maki ce. Riguna nawa ta ce?"

Na ce bakwai. Ya ce ka tabbata? Na ce to ko biyar, me ya dame ni da rigunan wani.

Bayan ya tafi na zauna na nemi ainihin abin da ta karanta. Nawa nake gani sarai, har launin almakashin. Nata kuwa babu shi.

Juma'a, 14 ga Maris

Manaja ya zo duba uwarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ba shi ya kai ni gaban alƙali ba. Na amsa kamar ba ni aka kai ba. Ya zauna yana matsa mata ƙafa, ni ina kicin ina wanke kofin da na riga na wanke.

A bakin ƙofa ya ce, "Baba, ba don in tozarta ka na yi ba." Na ce ai na ga alama. Ya ce, "Ni na ɗauke ta zuwa mota ran nan. Ba ta kai nauyin 'yata ba." Na dube shi. Idonsa irin na uwarsa ne, abin haushi.

Talata, 18 ga Maris

Zama na biyu. Na shiga da shirin bayani a kan goma da minti goma. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gode, wannan bayani ne mai ma'ana, za ta sa shi. Na ɗan samu numfashi.

Yau tambayoyin rayuwa ne. In na ji warin gas me zan yi. In Mutuniyar ta ƙware wa zan kira. Sunan magungunanta da amfanin kowanne. Na zuba mata su har da wanda aka daina bara da dalilin dainawa. Ta ɗago ta dube ni, ina jin ba ta zaci haka ba.

Sai jerin kalmomi goma sha biyu, a karanta, in maimaita, a sake. Tun ana abin arziki har na fara zufa. Kalmomi ne marasa dangi, ba abin da ya haɗa tsani da albasa. Da aka jima ta ce in kawo su, na kawo bakwai. Na ga fensirinta ya yi alama huɗu a gefe ɗaya, uku a wani gefen daban. Ban tambaya ba.

Ta sake tambayar ranar nan. Na ce ai na faɗa. Ta ce a ƙara. Na ce na ba da ƙwaya ƙarfe takwas, sai aka ɗauke ruwan famfo, na sauka ƙasa da bokiti, na hawo na tarar da ita. Ta ce, "To, Baba." Irin "to" ɗin Mutuniyar in ba ta yarda ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Bari in rubuta.

Da safen nan na ɗauko ƙwaya da ruwa, na fara mata labarin wani sarkin da ya hana a yi tari a garinsa. Na kai inda ake so, na yi shiru, na miƙa cokali. Ta datse baki. Na ce yau kuma rigimar ce? Na ƙara wa labarin wuta, na sake miƙawa. Ta ce, "A'a." Na ce haba, tsohuwa, kada ki ba ni kunya a makon nan. Sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kama wuyan hannuna, daidai kan agogo, ta riƙe gam. Ta saki, ta nuna mini yatsu biyu.

Na koma kicin na duba katin maganin. Ranar Litinin na ɓare sabo, mai guda goma. Litinin, Talata, Laraba, yau. Gurbi huɗu ya kamata in gani, har da wadda ke cikin cokali. Biyar na gani. Ga kofi a kan tire, da sauran ruwa a ciki, ga wani a hannuna.

Na riga na ba ta. Ban tuna ba, har yanzu da nake rubutun nan ban tuna ba.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya: a watan jiya ma ta datse baki wata safiya, na yi ta lallashi da labari har ta gaji ta haɗiye. Na yi ta yabon kaina ranar.

Asabar, 22 ga Maris

Na karanta littafin nan daga farko. Ranar 5 na rubuta Auta ta bugo waya na fita sayen burodi. Ranar 11 maƙwabciya ce da agogo. Ranar 18 ruwan famfo ne. Safiya ɗaya, labari uku, kuma kowanne da na faɗe shi ina ganinsa da idona.

Na tambayi maƙwabciya a kan matakala, a fakaice. Ta ce agogonta ai tun bara na gyara shi.

Lokacin ina shago, ba agogon da ya tsaya ne ke cutar mai shi ba, wannan kowa na gani ya sani. Wanda ke cutarwa shi ne mai tafiya da kyau, da ƙara mai daɗi, yana zubar da minti goma kullum. Mai shi har rantsuwa yake yi a kansa.

Lahadi, 23 ga Maris

Ba wanda ya san abin ranar Alhamis sai ni da ita, ita kuma ba ta da bakin faɗa. In na yi shiru, shi ke nan. In na faɗa, na miƙa wa Manaja ita da hannuna.

Daga baya na gaya wa Hedimasta, ya ce in yage shafin. Bai ƙarasa shayinsa ba ya tafi.

Na yi wa Mutuniyar tsifa da yamma, ina yi tana gyangyaɗi. Shekara arba'in da tara muna tare. Ban san yadda ake kwana a gidan da ba ta ciki ba. Amma yatsu biyun nan, in wata rana hannun ya gaza ɗaguwa fa?

Laraba, 26 ga Maris

Zama na ƙarshe, na jin sakamako. Na tafi da littafin a aljihu, ban yanke komai ba har na zauna.

Mai Fensir ta ce hankalina da sanin ya-kamata da lissafi duk lafiya lau, wasu ma sun fi na sa'o'ina. Inda matsala take, sabon abu ba ya zama. Ta ce cikin kalmomi bakwai da na kawo ran nan, uku babu su a jerin, ni na ƙirƙiro. Telan kuma rigunansa huɗu ne, ba shi da uba a labarin.

"Ba ƙarya kuke yi ba, Baba. In kanku ya tarar da rami, cike shi yake yi kafin ku lura. Kuma ya iya cikewa, shi ya sa ku ma kuke yarda."

Na ce wato kakata ce ta ja mini. Ta yi murmushi, ta ce kakar tawa ba ta da laifi, ita ta sa ramin bai nuna da wuri ba.

Sai ta ce, sau ɗaya kuma, me ya faru a waccan safiyar. Na buɗe baki, wallahi ga wani sabo ya taho, har da mai gyaran lantarki a ciki. Na haɗiye shi. Na ce, 'yata, ban tuna ba. Na ciro littafin na buɗe mata ranar 20.

Ta karanta a hankali. Ta ce dole wannan ya shiga rahoto. Na ce na sani, ai kin gaya mini tun ranar farko. Ta ce, "Zan kuma rubuta cewa ku kuka kawo shi da kanku, ba wanda ya kama ku. A wurin alƙali wannan ba ƙaramin abu ba ne." Ta turo kwalin tishu. Na ce mura ce.

A kan hanyar fita na daidaita musu agogon bango.

Alhamis, 27 ga Maris

Lauya ya kusa cinye ni a waya. Na bar shi ya gama. Auta ta ce daga yau ita za ta riƙa zuwa da safe har a shiga kotu. Ban yi gardama ba.

Na tsinci kaina ina ninke zannuwan Mutuniyar, ina ware waɗanda za ta tafi da su.

Litinin, 31 ga Maris

Kotu. Ɗaki ne mai fanka ɗaya, ba irin wanda na zata ba. Alƙali ya karanta rahoton da tabarau a kan hanci. Abin da na riƙe, kuma na sa Auta ta rubuta mini don kada in yi masa ado: ba a ba da shawarar raba ta da gidanta ko da ni ba, domin ni ne na fi kowa gane abin da take nufi. Amma kada magani ya sake zama a hannuna ni kaɗai. A kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. A sake gwaji bayan wata shida.

Alƙali ya tambayi Manaja ko yana da ja. Ya miƙe tsaye. Ya ce shi dai kada a sake kiransa a ce ta faɗi. Alƙali ya ce to riƙo na mutum biyu ne daga yau, uba da ɗa, magani a wuyan ɗan.

A baranda ya ce, "Baba, da ka yi shiru ba wanda zai sani." Na ce uwarka ta sani. Ya karɓi jakata ya riƙe har mota, kamar wata mai nauyi.

Wata shida. Ba na son tuna wannan, kuma da alama za a taimake ni.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Manaja ya kawo wani akwatin roba mai gida bakwai, kowace rana da murfinta. Shi ke cikawa ran Lahadi, sauran katunan maganin suna wurinsa. Aikin banza ne, murfin ko ƙarfi babu, amma na karɓa don kada ya ji ba daɗi.

Na ba shi makullin gida ɗaya. Ba wani abu ba, ya yi mini yawa ne a aljihu.

Tsohon agogon tebur mai ƙararrawa da ke cikin kwali na ciro na wanke, na sa masa mai. Don kada hannu ya mutu ne kawai. Ya kaɗa ƙarfe takwas, na buɗe gidan Alhamis, na nuna wa Mutuniyar, ta duba da kanta, ta ce, "To." Ta haɗiye tun ban fara labari ba. Na ba ta shi duk da haka, na telan, na sa masa riguna goma sha biyu. A nan dai ba mai ba da maki.

Na ja layi a takardar lissafin magani da ke manne a ƙofar firji, na buga wa Manaja, don dai ya ji muryar uwarsa. Ya tambaye ni me muka ci jiya da rana. Amsa ta taho da gudu, har da ƙamshinta. Na ce ban tuna ba, bari in duba. Ya ce to, Baba, duba, ina jira.

Na ce wa Mutuniyar wannan ɗan naki ya cika sa ido. Ta ce, "Kai ma."